Rasuwar Kwamfutarmu da Rabin Wasiƙar da Ta Tona

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har wuya, da kuma ƙugun da har yau bai gama haɗewa ba, ni mai zanen gine-gine da ke zaune a hawa na uku, ƙofar ƙarshe ta hannun hagu, a madadin kaina da maiɗakina Malama da Yayata, ina sanar da 'yan uwa da abokan arziki da maƙwabtan sama da na ƙasa rasuwar kwamfutarmu ta tebur. Ta cika ranar Alhamis da ta gabata bayan la'asar, a kan teburin da ta shekara goma sha ɗaya tana zaune, bayan jinyar kwana tara.

Malamin da ke hawa na ɗaya ya aiko mini cewa ba a nema wa ƙarfe rahama. Na karɓi gyara. Don haka ba ita muke roƙon a yi wa addu'a ba, mu da ta bari ne muke bukata.

Marigayiyar ta shigo gidan nan a cikin kwali, a kan kafaɗata, a zamanin da nake taka matakala bibbiyu ban ma san ina yi ba. Tun daga ranar ba ta taɓa sauka ƙasa ba. Mai haƙuri ce, marar son yawo, ba ta taɓa neman a canza mata wurin zama ba. Idan aka tashe ta da safe sai ta yi gyaran murya, ƙirrr, sannan ta ce tiit sau ɗaya, ta fara aiki. Idan na buɗe zane mai nauyi fankarta kan ja numfashi, huuuu, kamar dattijon da aka tayar daga kan tabarma, amma ba ta taɓa cewa ba za ta iya ba. Da ita na zana makarantu biyu, da jerin shaguna, da gidajen mutanen da yau ko a hanya muka haɗu ba za su gane ni ba. Da ita Malama ta buga tambayoyin jarrabawar lissafi na shekara da shekaru, waɗanda suka sa yara da dama kuka, ba da laifin marigayiyar ba. An taɓa zubar mata da shayi a kan madannai, ta shanye, abin da kawai ta riƙe a rai shi ne harafin k, wanda tun daga nan sai an danna shi da ƙarfi yake fita.

Amma babban halinta, wanda duk mai yi mata adalci zai fara ambata, shi ne riƙon amana. Mu uku ne muke da akawun a cikinta, kowa da nasa da kalmar sirrinsa. Nawa akwai zane-zane. Na Malama akwai takardun makaranta da abin da ban sani ba, ban kuma taɓa tambaya ba. Na uku na Yaya ne, babbar yayata da ta yi ritaya daga aikin jinya. Ta sa an buɗe mata shi shekara bakwai da suka wuce, ta manta kalmar sirrin washegari, ta kuma hana a goge, wai haƙƙinta ne. Shekara goma sha ɗaya marigayiyar ba ta taɓa ɗaukar maganar wani ta kai wa wani ba. Idan Malama ta gama, ta danna wurin sauya mai amfani, allon ya yi duhu na ɗan lokaci, sai ya buɗe da nawa tsaf, kamar ba a taɓa yin wani a wurin ba. Ina faɗin wannan ne don a san abin da ta aikata a ƙarshen rayuwarta ciwo ne ya sa, ba halinta ba ne.

Wajibi ne in faɗi yadda ta zama mini a watanni biyar na ƙarshe, ko da yake ban so. Na faɗo daga kan katakon gini, ƙuguna ya karye. Ranar da aka sallame ni daga asibiti, maza huɗu na gidan nan suka ɗauko ni a kan kujera suka hau da ni. A hawa na biyu ɗaya ya yi tuntuɓe, kujerar ta karkace, wandona ya zame a gaban matan da suka fito yi mini sannu. Ba wadda ta yi dariya a lokacin. Daga baya na ji ta, ta cikin bango. Da aka ajiye ni a kan gado na rantse wa kaina ba wanda zai sake ɗaukata, ranar da zan sauka da ƙafata zan sauka. Mai gashin ƙashi na asibiti ya zo gida sau biyu, ya ce abin da ya rage sai da na'urorinsu, dole in riƙa zuwa sau uku a mako. Na ce to. Ban je ba. Yaya ta ce in koma gidanta, ɗakin baƙinta a ƙasa yake, ƙofarsa na kallon titi. Na ce ina godiya.

Duniyata ta zama taku tara: daga gado zuwa tebur, daga tebur zuwa bayan gida, a kan kujerar ofis mai taya wadda nake turawa da ƙafar da ke da lafiya. Tagar ɗakin bangon gidan maƙwabta take kallo, da wani bututun ruwa mai yoyo. Na haddace takun kowa a matakala. Na san na mai kawo gas, na san na matar da ke sama wadda takalminta ɗaya ya fi ɗaya ƙara, na san na Malama, wanda da can yake da sauri, daga baya ya riƙa tsayawa a hawa na biyu ya huta. A wannan zaman marigayiyar ce abokiyar hirata. Ita kaɗai ce a gidan ba ta taɓa tambayata yaushe zan fara zuwa asibiti ba.

Ciwon ajalinta ya fara ne ranar wata Talata da safe. Ta nuna saƙo cewa akwai sabuntawar da za a yi wa manhajarta, tana tambaya yanzu ko anjima. Wata uku ina ce mata anjima. Ran nan hannuna ya zame na danna yanzu. Ba na ɗora wa kowa wannan laifi. Ta rufe ido kusan awa biyu tana juya wasu ɗige-ɗige, ta ce kada a kashe ta. Da ta farka sai na ga kamar lafiya lau, har ta yi wani sabon kwalliya a gefen allo.

Da yamma Malama ta dawo ta shiga nata, ta gama, ta sauya zuwa nawa. A nan muka ga alama ta farko. Rubutun ya kumbura, kowane harafi kamar a allon talla. Washegari da aka sake sauyawa sai ya ƙanƙance har sai na kai hancina jikin gilashi. Rana ta uku allon ya yi baƙi ƙirin na minti goma, ba komai sai kibiyar linzami tana yawo ita kaɗai. Daga nan tagogin da ke buɗewa a allon suka fara gudu. In ka buɗe takarda, maimakon ta tsaya a tsakiya sai ta sulale zuwa gefen dama ta shige, ta bar maka ɗan bakinta. Ka kama ka jawo, ta koma. Malama ta ce, “Tsufa ne. Ni ma haka nake ji in na dawo daga aji.”

A lokacin ina kan zanen wani ƙaramin asibitin haihuwa. Shi ne aikin farko da na samu tun faɗuwata, daga ɗan kwangila guda ɗaya da bai goge lambata ba, kuma ya ce ƙarshen mako mai zuwa yake so. Ranar Lahadi da yamma, bayan na kwana biyu ina gyare-gyare, na danna in adana. Tagar da ke tambaya ta buɗe a can wajen allo, inda ido ba ya kaiwa. Zanen ya sandare yana jiran in amsa tambayar da ba na gani. Duk inda na taɓa sai ta ce tin! Na sake taɓawa, tin! Ban san ko amsar da ke jira a can adana ba ce ko zubar. Na janye hannuna.

Litinin da safe ina bayan gida, wanda a halin da nake ciki aikin rabin awa ne, Malama ta sauya zuwa nata ta yi ɗan rubutu. Na ji ƙarar madannai, na ji tana dukan harafin k. Ta mayar da ita kan nawa, ta ɗaga murya ta ce ta makara, abinci na cikin kula, ta fita. Na turo kujerata, na sa kalmar sirri. Zanena na nan yadda na bar shi. Amma a kansa, a gefen dama, tagar Malama ce zaune, ba ta tafi da mai ita ba. Samanta ya shige sama, damanta ya shige dama. Abin da ya rage a fili rabin layuka biyar ne, kuma kafin in tuna cewa ba nawa ba ne na riga na karanta:

Ina mai baƙin cikin sanar da ku cewa ba zan iya ci gaba da
Shekara tara ke nan ina jiran
amma halin da mijina yake ciki ya sa ba
Na duba ta ko'ina, ban ga
Ina roƙon a ba wa wata

Na danna in rufe, tin! Na kama in jawo, tin! Na nemi wurin sauya mai amfani, shi ma ya bi sauran ya shige gefe. Na kira Mai Gyara, wani dattijo mai shago a bakin kasuwa wanda ke duba ta tun tana sabuwa. Ya saurare ni har na gama, ya ce, “Kada ka kashe ta. Kada ka danna komai. In ka kashe, aikinka ya tafi, ita kanta ban tabbata za ta tashi ba. Ina wani aiki a wajen gari, sai Alhamis.”

Kwana uku na yi da layukan nan. Wanda bai taɓa zama a ɗaki ɗaya da rabin magana ba, ba zai gane ba. Ba zan iya ci gaba da me? Da zama, mana, me ya rage? Shekara tara tana jiran me, alhali aurenmu ya shekara goma sha tara? Na zauna na lissafa abin da ya faru shekara tara baya, na tono laifuffukan da ni kaina na manta. Wa take rubuta wa da ku? Iyayenta sun rasu. Kawunta? Alƙali? Na juya kujera na kalli bututun ruwa, na juyo, layukan na nan. Na tafi gado na kwanta na ba su baya, haskensu na kan bango. Ba zan iya kashe su ba, ba zan iya barin ɗakin ba, ba zan iya tambaya ba, don tambaya na nufin na karanta abin da ba a ba ni ba.

Idan na ji takun Malama ya tsaya a hawa na biyu sai in lulluɓe allon da tawul. Ranar farko ta ce, “Injiniya, me ya samu mutuniyar taka?” Haka take kirana tun muna saurayi da budurwa, ko da yake takardata ba ta kai nan ba.

Na ce, “Jiki ya yi tsanani. Mai Gyara ya ce kada a taɓa.”

Ta tsaya da jaka a kafaɗa tana kallon tawul ɗin. Ta ce, “Akwai takardar da nake so in fitar kafin Juma'a.”

Na ce, “Ta makaranta?”

Ta ce, “Eh, kusan haka.” Ta wuce kicin.

A kwanakin nan ta yanke mini farce. Ta canza zanen gado ina kai, kamar yadda Yaya ta koya mata. Ta tambaye ni ko gishiri ya ji. Ni kuwa ina kallon hannunta ina cewa a raina, ashe haka mai shirin tafiya yake yi. Na zama mai ladabi fiye da kima, ina ta sannu da godiya, har ta taɓa goshina ta ce ko zazzaɓi nake yi.

Alhamis da azahar Yaya ta zo, tana haki tana zagin wanda ya zana matakalar gidan nan. Ban iya riƙewa ba, na yaye tawul na nuna mata. Ta sa tabarau, ta karanta sau biyu, leɓenta na motsi.

Ta ce, “A ba wa wata? Kai za a bayar? To wa zai karɓa, Auta?” Ina da shekara arba'in da shida da furfura a gemu, amma a bakinta ban wuce Auta ba.

Na ce, “Yaya, ba wasa nake ba.”

Ta ce, “Ni ma ba wasa nake ba. Ka tambaye ta?”

“Ta yaya zan tambaya? Sirrinta ne.”

“Amma ni ka iya nuna mini.” Ta cire tabarau ta zauna a bakin gado. “Yarinyar nan ta rame, ka lura? Ko kai ma rabinta kake gani?”

Ana haka Mai Gyara ya ƙwanƙwasa. Sai da ya sha ruwa kofi biyu kafin ya iya magana. Ya duba allon, ya kau da kai daga rubutun kamar mutumin kirki, ya leƙa bayan akwatin, ya saurari fankar. Sannan ya bayyana mana ciwon. Ya ce tun da aka yi sabuntawar nan, marigayiyar ta ɗauka allo biyu gare ta. Tana ganin akwai wani a hannun damanta, wanda babu shi, can take ta tura tagogi. Kuma idan an sauya daga wani zuwa wani, ta daina share na farko kafin ta shimfiɗa na biyu. Yaya ta ce ta yi jinyar masu irin wannan da yawa, suna magana da wanda ba ya ɗakin.

Ya ce, “Maganin guda ne. Tunda ta ce akwai allo na biyu, mu ba ta. Kuna da talabijin?”

Shi da Yaya suka ciccibo talabijin ɗin falo, mai faɗin gaske, suka jingina shi a kan akwatin kaya kusa da tebur. Ya ciro waya daga jakarsa ya haɗa. Ina jin taku a matakala, ya tsaya a hawa na biyu, ya ci gaba. Na buɗe baki in ce a dakata. Talabijin ya yi ƙyafta ya kawo haske daidai lokacin da Malama ta turo ƙofa da ledar kayan miya a hannu.

Duk tagogin da suka ɓata a kwanakin nan suna can, a cunkushe. Ga tambayar zanena a tsakiya. A gefen hagu kuma, da haruffan da za a iya karantawa daga bakin ƙofa, ga sauran rabin wasiƙar. Ba wanda ya yi niyya, amma dukkanmu huɗu muka karanta, ido na tsalle daga ƙaramin allo zuwa babba. Ba za ta iya ci gaba da shirin zuwa karatun da aka ba ta gurbi ba. Shekara tara ke nan tana jiran wannan dama, sau huɗu tana nema. Halin da mijinta yake ciki ya sa ba za ta iya barinsa shi kaɗai a sama ba. Ta duba ta ko'ina ba ta ga wanda za ta bar wa shi ba, shi kuma ba zai sauko ba. Tana roƙon a ba wa wata malamar gurbin kafin lokaci ya ƙure.

Mai Gyara ya sunkuyar da kai ya shiga neman wani abu a jakarsa da babu shi a ciki. Malama ta ajiye ledar a ƙasa a hankali, tumatir ɗaya ya gangaro ya shige ƙarƙashin gado.

Na ce, “Sun ɗauke ki?”

Ta ce, “Wata biyu ke nan.”

“Ba ki faɗa mini ba.”

“In faɗa maka ka yi yaya? Shekara guda ce, Injiniya, kuma tafiyar yini ce a mota. Wa zai hau maka da ruwa? Wa zai juya ka? Ka ce ba mai ɗaukarka, na ji, ban ja da kai ba. To ni ce ƙafarka. Ƙafa ba ta tafiya karatu.” Muryarta ba ta ɗaga ba. Ta dubi tawul ɗin da ke ƙasa, ta dubi ƙaramin allon, ta gane. “Tun Litinin kake kallon wannan?”

Na ce eh.

“Me ka ɗauka?”

Na juya na kalli bututun ruwa. Yaya ta ce, “Ya ɗauka kyauta za ki yi da shi.”

Malama ta yi wata dariya guda ɗaya wadda ta karye a tsakiya, ta zauna a ƙasa ta jingina da ƙofa ta rufe fuska da mayafi. Shekara goma sha tara ban taɓa ganin ta zauna a ƙasa da kayan aiki ba. Can ta ce, ta cikin mayafin, “Da na so, da hannu zan rubuta ta a minti biyar in kai. Kullum in na shigo na ga tawul ɗin nan sai in ce, to, yau ma ba laifina ba ne.”

Ni da na ɗauka ni kaɗai aka kulle a hawa na uku.

Mai Gyara ya yi tari ya ce, cikin ladabi, fankar tana canza murya, in akwai abin da za a ceta a ceta yanzu. Ya kai kibiya kan talabijin. Amsar da ke jiran yatsana kwana huɗu, wadda da na danna a makance ita zan samu, ita ce a zubar. Ya zaɓi ɗayar, ya kwashe zanen a filas, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta. Ya juya wajen Malama ya ce, “Hajiya, wannan takardar fa, a fitar?”

Ta ɗago ta dube ni. Yaya ma ta dube ni. Ban taɓa jin ɗakin nan ya yi mini ƙanƙanta kamar lokacin ba.

Na ce, “Yaya, ɗakin nan naki, har yanzu ba kowa?”

Ta ce, “Akwai buhunan gawayi da keken ɗinki. Zan fitar.”

Na ce wa Mai Gyara, “A bar takardar.”

Ya ce to bari ya kashe ta ya kunna, ya cire sabuntawar, wataƙila ta dawo hayyacinta. Ya danna. Allon ya yi shuɗi, ya yi baƙi. Fankar ta ja numfashi mai tsawo, huuuu, ta sassauta, ta tsaya. Ya danna maɓallin kunnawa. Muka jira gyaran muryar nan. Ya sake dannawa. Ya buɗe cikinta, ya hura, ya canza waya, ya sa kunne. Bayan kusan awa guda ya mayar da murfin, bai ɗaura kusoshin ba, ya ce, “Sai haƙuri.” Yaya, da ta saba, ita ta ɗauki tawul ta rufe ta.

Marigayiyar ta rasu ta bar allo guda ɗaya, lafiyarsa ƙalau amma ba ya gane kowa. Da madannai masu ciwon k. Da linzami wanda tayarsa ta tsakiya ta daina juyawa tun bara. Da firinta, abokiyar zamanta, wadda ba su taɓa jituwa ba amma ba su rabu ba. Ta bar akawun uku. Mai Gyara ya ce zai iya ciro abin da ke rumbun ajiyarta. Na ce a ciro nawa. Yaya ta ce a ciro nata, ko da yake ta san ba komai a ciki. Malama ta ce nata a ciro komai ban da takarda ɗaya. Ranar Juma'a da safe ta je da kanta ofishinsu na nan cikin gari ta sa hannu cewa ta karɓi gurbin. Da ta dawo ban ji takunta ya tsaya a hawa na biyu ba.

Muna godiya ga Mai Gyara, wanda ya yi iya yinsa kuma bai ga komai ba. Muna godiya ga ɗan kwangila, da ya karɓi zanen ya ce a matsar da ƙofar ɗakin magani kawai. Ba ma riƙe da kowa a zuciya, har waɗanda suka ƙirƙiro sabuntawar, ko da yake muna fatan wata rana su ma a nuna musu rabin wasiƙa.

Za a sauko da gawar ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, a cikin kwalinta na asali wanda Malama ta adana a saman kabad. Mai Gyara zai wuce da ita shagonsa, inda za a raba abin da ke da amfani a jikinta ga mabukata. Malama za ta kama hanya ranar Lahadi da motar farko. Mai son yi mata sallama ya zo Asabar ɗin, ba za a sake wani taro ba. Za a ci gaba da karɓar gaisuwa a gidan Yaya, ɗakin da ke kallon titi, kowace rana ban da Litinin da Laraba da Juma'a da safe, lokacin mai makoki yana asibiti.

Bayan an sauko da marigayiyar, za a sauko da mai ita. Ana roƙon matan hawa na biyu, don girman Allah, su zauna a ɗakunansu har a wuce. Ana neman maza huɗu masu lafiyar baya da takalmi marar santsi. Kujerar ta ƙarfe ce, an gwada ta. An sayi bel na ɗaure wando. Nauyina kilo casa'in da huɗu ne, kada wani ya zo ya ce ba a faɗa masa ba.